Buhunan da Suka Kori Gwaggo

Ranar da aka fitar da Gwaggo daga ɗakinta hadari ya haɗu a gabas tun da hantsi, amma bai zuba ba. Ina kan keken ɗinkina, tagar shagona kuwa bayan gidan Dattijo take kallo, katangar da ta raba mu ba ta wuce ƙirjina ba. Ba leƙe nake yi ba, Allah ne ya sa aikina a wurin.

Mota ce ta kawo siminti da bandir biyu na kwanon rufi, kyautar wani ɗan ikkilisiya, don sabuwar majami'armu da ta shekara uku tana tsaye a harsashi. Dattijo shi ne shugaban kwamitin gini, kuma kowa ya san ba ya wasa da kayan Ubangiji. Ya zaga gidansa ya ga babu ɗakin da ya kai na Gwaggo kyawun rufi. Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, ita kanta ba ta haihu ba.

"Sati biyu ne kawai, Gwaggo," in ji shi. "Da birkila ya fara aiki za ki koma ɗakinki."

"To, ɗana. Ina za ka sa ni?"

Ya nuna mata sito na bayan kicin, inda ake ajiye gawayi da karyayyun kujeru. Ta dubi siton, ta dubi sama, ta ce gwiwoyinta sun gaya mata ruwa na nan tafe kafin jibi. Ya yi dariya ya ce gwiwa ba annabi ba ce. Kafin la'asar an jera buhuna a ɗakinta har kusa da silin, an jingina kwanon a bango, ya sa kwaɗo ya jefa mabuɗin a aljihu.

Gwiwar ba ta yi ƙarya ba. Jibin da rana tsaka aka kece da ruwa, irin wanda ke zuwa da iska a karkace. Da ya tsagaita na zaga ta ƙofar gidan na shiga siton. Na same ta zaune a gefen gado ta takure wuri guda, ta jera kwanuka da robobi a ƙasa, ɗaya a kan katifa, ɗaya a cinyarta.

"Tela, shigo ki ga arziki," ta ce da ni. "Duk unguwar nan wa ke da famfo a kan gado in ba ni ba?"

Na yi dariya don ta yi. Rufin ya ci tsatsa, rana na leƙowa ta wuri takwas. Na ja gadon zuwa kusurwa, can ma yana ɗiga. Na ce zan yi wa Dattijo magana, ta riƙe min zani.

"Bar shi, yana da abubuwa a kansa. Sati biyu ai kamar gobe ne."

Sati biyu suka zo suka wuce, birkila bai zo ba, aka ce sai an sami yashi. Maigidana kafinta ne, kuma mutum ne da ba ya iya ganin ƙusa a karkace ya wuce. Wata safiya ya tari Dattijo a ƙofar gida, ni ina shara a namu bakin ƙofar ina ji.

"Baba Dattijo, rufin siton nan falle uku kawai yake so. Ga kwano can a ɗaki, ni zan buga, ba sai an ba ni komai ba."

Dattijo ya dube shi kamar ya zagi uwarsa. "Wane kwano? Wanda Fasto ya ɗora wa hannu ya keɓe wa Ubangiji? Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"To, ina da tsofaffi a shago, masu kyau ne. Bari in kawo."

"Ka hau rufina da guduma unguwa ta fito kallo, a ce Dattijo ya kasa rufa wa gwaggonsa ɗaki sai da maƙwabci ya yi masa sadaka? Na gode. Ni zan kira mai gyara da kaina in ruwa ya ɗauke."

Maigidana ya ce, "Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Simintin nan ma da kuka jera a kan daɓe ba katako a ƙasa, ga shi ya jingina da bango, danshi zai bi shi."

"Kai kafinta ne ko birkila?" in ji Dattijo. Ya gyara wuyan rigarsa ya tafi taron kwamiti.

Damina ta zauna sosai. Kullum da yamma hadari, wani lokaci har da safe. Daga tagata nakan ga Gwaggo ta fito da roba ta zubar, ta koma, ta fito da wata. Da fari da saurinta take yi. Daga baya ta koma dafa bango. Katifarta ba ta ƙara bushewa ba, don ko an shanya ta rana ba ta daɗewa. Sai tari ya kama ta, busasshe da farko, sannan ya sauka ƙirji, har ina jin sa ta cikin ƙarar keke.

Matar Dattijo ita ce Uwar Zumunta, shugabar matan ikkilisiya, kuma ni ke ɗinka wa zumunta kayan fita. Ta zo gwada rigarta wata Talata, tana juyi gaban madubi, na yi ƙarfin hali na ce, "Mama, tarin Gwaggo ya yi yawa. Katifar nan jiƙe take kullum."

Ta rage murya kamar mai rufa asiri. "Ke yarinya ce, Tela. Kina tsammani ruwan sama ne? Tsufa ne. Ba ta iya riƙewa, amma kunya ba za ta bari ta faɗa ba, sai ta ɗora wa rufi. Mu da ke wanke zannuwan mu muka sani."

Ni kuwa na san wa ke wanke zannuwan, don ina ganin Gwaggo tana matse su da hannuwanta. Na kuma san ɗigon da ya sauka a ƙeyata ba daga jikin tsohuwa ya fito ba. Amma na sa allura a baki na ci gaba da rage ƙugun rigar. Rigunan zumunta talatin da ɗaya ne ke rataye a shagona, ban so su koma hannun wata telar ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye ta ba.

"Ai ma mun yi ƙoƙari," ta ci gaba. "Wasu ko uwar da ta haife su ba sa riƙewa, balle gwaggo. Ki ɗan saki hannun nan, yana matse ni."

Lahadin da ta biyo baya Gwaggo ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau ta fito da sandarta. Shekara arba'in ita ke share tsohuwar majami'a kowace Asabar, har sai da bayanta ya ƙi lanƙwasa, kuma ba ta taɓa fashin sujada ba. Uwar Zumunta ta tare ta a tsakar gida.

"Gwaggo, ki zauna ki huta. Tarin nan zai hana mutane jin wa'azi. Ga kuma zanen nan yana warin danshi, kar a ce ba ma kula da ke."

Gwaggo ta sunsuna gefen zanenta. Ta juya ta koma siton.

A wannan makon na je wurin Fasto a ofishinsa. Mutum ne mai taushin murya, yana sauraro da kansa a karkace kamar duk damuwar duniya a wuyansa take. Na zayyana masa komai, har da robar da ke kan cinya. Na ce ko rabin buhunan a mayar ofishin nan, ga wuri.

Ya dubi kafet ɗin ofishin, ya dube ni. "'Yar'uwa, kin yi kyau da kika zo. Amma wannan al'amarin gida ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ranka ya daɗe, ai mai ɗakin ce ke tari."

Ya yi murmushi ya ce in yi hankali da harshe, don da shi Shaiɗan ke raba ikkilisiya. Ya ce Dattijo ginshiƙi ne, ba a girgiza ginshiƙi ana tsakiyar gini. Sannan ya ce mu sunkuyar da kai, ya yi wa Gwaggo addu'a mai tsawo da daɗi. Na ce amin, na fito cikin yayyafi.

Ran Lahadi ya hau mumbari ya yi wa'azi a kan sadaukarwa. Can tsakiya ya ce Dattijo ya miƙe tsaye. Ya ce ga mutumin da ya ɗauki ɗaki mafi kyau a gidansa ya ba Ubangiji, bai nemi a gode masa ba. Aka yi tafi, mawaƙa suka ɗauki waƙa, matan zumunta suka miƙe cikin rigunan da na ɗinka. A daidai lokacin ruwa ya sauko a kan rufin majami'a da ƙarfi har muryar Fasto ta ɓace. Ni ba abin da nake gani sai tsohuwa da roba a cinya, ita kaɗai a gida, ba mai taya ta zubarwa. Tun ina ƙarama aka koya min cewa abin da ka ba majami'a Allah ka ba. Ranar ce na fara tambayar kaina, in abin da ka bayar ba naka ba ne fa, wa ya bayar, wa kuma ya karɓa? Hannuwana dai sun yi tafin tare da na kowa.

Sai marka ta shigo. Kwana shida ba a ga rana ba, ruwa ba ƙarfi amma ba ya ɗaukewa, bango ya yi kore, ashana ta ƙi kamawa. A rana ta huɗu da safe ban ga Gwaggo ta fito zubar da roba ba. Na jira masu gidan suka fita, na shiga. Robobin sun cika sun tumbatsa, ruwa ya kwanta a ƙasa har idon sawu, takalmanta na yawo a kai. Tana kwance jikinta zafi rau, numfashinta na ƙara.

Na kira maigidana ya ɗauke ta cak, ba ta fi nauyin yarinya ba. Muka kwantar da ita a ɗakinmu, na sauya mata kaya, na rufa mata bargo, na ba ta ruwan zafi da cokali. Ta yi barci kamar awa biyu, kuma ina jin shi ne barcin kirki na farko da ta yi tun shigowar damina. Da ta farka ta shafa bargon ta ce, "Ashe haka bushewa take da daɗi."

Muna shirin neman mota zuwa asibiti Dattijo ya yi sallama. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya. Ya tsaya a bakin ƙofa da lemarsa tana ɗiga.

"Wa ya ba ku izinin shiga gidana ku ɗauki mutum?"

"Baba, ba ta da lafiya," in ji maigidana. "Asibiti za mu kai ta."

"Da ni ba ni da ido? Gobe kwamitin yanki za su zo duba kayan gini. Kuna so su iske gwaggona a gidan maƙwabta, a ce na kore ta?" Ya juya wajen gadon ya sassauta murya. "Gwaggo, haka za ki yi min? Bayan duk abin da na yi miki, sai ki tona min asiri a tsufanki?"

Na ga fuskarta ta canja. Ta fara laluben sandarta.

"Gwaggo, ki kwanta," na ce. "Babu inda za ki."

"A'a, Tela. Ni na goya shi. Ba da bakina za a ji kunyarsa ba."

Ya yi alkawarin zai kai ta asibiti jibi, bayan baƙi sun tafi. Ya riƙe ta suka fita, ya karkata lemar ta gefensa don kar rigarsa ta jiƙe. Maigidana ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hannu. Da ƙarfi muka fi shi, da gaskiya muka fi shi, amma shi Dattijo ne, mu kuwa an rene mu da cewa ba a ja da shugaban ikkilisiya.

Washegari baƙi suka zo, aka buɗe musu ƙofar ɗakin suka leƙa daga waje, suka yaba da yadda aka jera buhunan. An ja ƙofar siton an jingina mata turmi don kar tari ya fito. Bayan sun wuce falo cin abinci na tsallaka katanga, abin da ban taɓa yi ba tun ina budurwa. Na same ta idonta biyu.

"Sun ga simintin?" ta tambaye ni. "Bai jiƙe ba ko?"

"Bai jiƙe ba, Gwaggo."

"To madalla." Ta yi tari mai tsawo, na riƙe mata kai. Sannan ta ce a hankali, "Tela, shekara arba'in ina share wa Ubangiji ɗakinsa. Ban taɓa sanin zai buƙaci nawa ba."

Na zubar da robobin na mayar da su mazauninsu.

Jibin da aka yi alkawari bai same ta ba. Da safe Uwar Zumunta ta kai mata shayi ta tarar ta riga ta yi sanyi, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta.

Jana'izar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. An kafa rumfuna uku, zumunta ta fito cikin kayanta, Fasto ya kira ta uwa a cikin bangaskiya, ya ba da labarin tsintsiyarta har wasu suka yi hawaye. Da aka fito da akwatin sai yayyafi ya fara. Dattijo ya ruga da kansa ya karɓi lema ya riƙe a kan akwatin, ya sa samari suka kawo leda babba suka shimfiɗa.

"Ku rufe da kyau," yake ce musu. "Kar ruwa ya taɓa ta."

Mutane suka ce, Allah sarki, dubi yadda yake son gwaggonsa. Ni na fita daga layi na tsaya a bayan rumfa, don na ji in na ƙara minti ɗaya zan yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Ruwa ya ɗauke, rani ya shigo, aka sami yashi. Birkila ya zo da lebura, Dattijo ya ciro mabuɗi. Ina kan kekena na ji ƙarar abu kamar an jefar da dutse, ashe buhun farko ne aka sauke. Birkila ya yanka buhu na biyu, ya yanka na uku, ya hau sama ya sauko ƙasa. Danshi ya bi ta daɓe da bango ya shige su a hankali duk tsawon damina. Gaba ɗaya sun daskare, kowanne da siffar buhunsa.

"Wa ya jera muku siminti a ƙasa ba katako?" in ji birkila. "Ai ko yaron shagona ya san wannan."

Dattijo ya ce aikin Shaiɗan ne, Fasto ya sa aka yi azumin kwana uku. Kwanon rufin kuwa da aka ƙirga sai aka ga ya fi abin da zanen ginin ke buƙata da falle tara. Ɗakin Gwaggo aka share aka yi masa fenti, yanzu nan ake sauke baƙin masu wa'azi.

Ban daina addu'a ba. Nakan yi ta a kan kekena, ƙafa na tafiya baki na motsi, kuma yawanci gafara nake roƙo, don riguna talatin da ɗayan nan da tafin nan suna wuyana. Majami'a ce ƙafata ta yi nauyin zuwa. Maigidana bai matsa min ba, shi ma a benci na ƙarshe yake zama yanzu.

Da damina ta zagayo, wata Lahadi na ce bari in gwada. Na ɗaura ɗankwali na fita bayan ruwan safe. Harabar majami'a kullum taɓo take yi a wannan lokacin, daga ƙofar waje har bakin shiga. Da na iso sai na ga an gyara hanya. An kwaso daskararrun buhunan an jera su ɗaya bayan ɗaya a cikin taɓon, mutane na takawa suna wucewa da takalmansu tsaf. Na ga Dattijo ya wuce a kai da littafinsa a hammata. Na ga yara na tsalle daga wannan zuwa wancan.

Na tsaya a gaban na farko, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Uwar Zumunta ta iso ta bayana tana tattare gefen zane.

"Tela, kwana biyu. Ki wuce mana, kin tare hanya. Kin ga ashe ba a yi asara ba, komai na Ubangiji da amfaninsa."

"Mama," na ce, "saboda waɗannan aka kashe Gwaggo."

Ta dube ni, ta dubi masu zuwa a bayanmu, ta ce in rage murya, yau ranar Ubangiji ce. Na matsa gefe cikin taɓo na ba ta hanya. Ta taka ta wuce, ba ta jiƙe ba.

Ni kuwa na tuɓe takalmina na riƙe a hannu na koma gida.